Amarya ta tare da ɗanta da tsohon karensu: ta yaya zai saba da mu?

Maigida daga Rikkos:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin kare, musamman wanda shekaru suka ja masa. Na yi aure bayan Babbar Sallah. Matar da na aura mijinta rasuwa ya yi ya bar ta da yaro ɗaya mai shekara 11, ni kuma ina da 'ya'ya biyu da marigayiya uwargidana ta bari, mace mai shekara 9 da namiji mai shekara 5. Marigayin yana da gonar dankali da kabeji a wajen Lamingo, kuma yana da karen gadi da ya raina tun yana kwikwiyo, ana ce masa Barde, wanda yanzu ya kai shekara 10. Da aka raba gado aka sayar da gonar, babu wanda ya nemi karen a cikin dangi, don haka kafin tarewa matata ta roƙe ni in bari su zo da shi, ni kuma na amince saboda gidana yana da fili, ina da 'yan awaki da kaji, kuma unguwarmu ba ta rasa masu haura katanga.

Tun da ya zo bai sake ba. Ba ya cin abinci sai yaron ne ya ajiye masa, yana yini kwance a bakin ƙofa yana kallon hanya, da dare kuma yakan yi wani dogon kuka mai tayar da hankali. Idan na doshe shi sai ya miƙe da ƙyar ya canza wuri. Abin da ya fi damuna shi ne ya yi wa autana gurnani lokacin da ya taɓa shi yana barci, tun daga nan 'yata ba ta yarda ta ratsa ta wajensa. Hajiya mahaifiyata ta ce a fitar da shi, wani maƙwabci kuma ya ce in sayar wa masu kai karnuka kasuwar Dawaki in huta. Ni ban taɓa kiwon kare ba, amma na lura duk lokacin da na nufi wurin Barde yaron nan yana bina da ido, kamar yana jiran ya ga abin da zan yi. Tambayata ita ce, karen da ya kai wannan shekaru yana iya sabawa da sabon maigida? Zamansa da ƙananan yara ba shi da haɗari? Sannan mene ne matsayin ajiye shi a addini?

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, Bukuru:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba ku zaman lafiya. Amsar tambayarka ta farko ita ce yana iya sabawa, amma kafin a yi maganar sabo sai an fara tabbatar da cewa babu ciwon da yake cinsa, domin abubuwa biyu cikin waɗanda ka lissafa, wato miƙewa da ƙyar da gurnani idan an taɓa shi yana barci, sun fi kama da alamun jiki fiye da na hali.

Kare mai matsakaicin girma yana shiga tsufa ne daga shekara 7 zuwa 8, don haka Barde dattijo ne sosai. A wannan shekaru amosanin gaɓɓai ya zama ruwan dare, musamman a ƙugu da gwiwoyin baya, kuma garinmu ba ya sauƙaƙa masa, tun da Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma kowa ya san yadda sanyin Disamba da Janairu yake shiga ƙashi da asuba. Karen da yake kwana a kan dandamalin siminti a bakin ƙofa zai wayi gari jikinsa a sandare. A samo masa tsohuwar katifa ko buhunan algarara a ninka, a ɗora a kan katako don kada sanyin ƙasa ya ratso, a ajiye a lungun da iska ba ta bugawa amma yana iya hango ƙofar gida daga can, saboda karen da ya yi rayuwarsa yana gadi ba zai natsu a inda aka ɓoye masa hanyar shigowa ba.

Sai kuma ji da gani. Tsofaffin karnuka da yawa kunnensu yana yin nauyi a hankali har masu su ba sa lura. Ka tsaya a bayansa inda ba ya ganinka ka tafa hannu, ka ga ko kunnuwansa za su motsa. Idan bai ji tahowar autanka ba, sai kawai ya ji hannu a jikinsa yana tsakiyar barci, wataƙila ma a kan gaɓar da take masa zafi, to gurnanin da ya yi firgita ce. Kada a doke shi saboda gurnani. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hora da duka har ya daina gargaɗi shi ne wanda wata rana zai kai cizo ba tare da sanarwa ba. Wanda yake son tayar da shi ya buga ƙafa a ƙasa daga ɗan nesa, zai ji motsin ya farka da kansa.

Ka kai shi wurin likitan dabbobi a duba haƙoransa da dasashinsa, domin ruɓaɓɓen haƙori kaɗai yana iya hana kare cin abinci, a duba jininsa saboda cututtukan da kaska take sawa, waɗanda suke kawo kasala da ƙarancin jini, a kuma duba ƙodarsa idan kun ga yana shan ruwa da yawa yana yawan fitsari. A nemi katin rigakafinsa a cikin kayan marigayin. Idan ba a same shi ba, a yi masa allurar haukan kare yanzu, a riƙa sabuntawa duk shekara, a kuma ba shi maganin tsutsar ciki duk wata 3. Mu a Filato ba mu da uzuri a kan wannan, tun da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana nan Vom tun 1924, kuma tana cikin masu samar da wannan rigakafin.

Ina roƙonka da babbar murya kada tausayi ya sa a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna iya huda masa ciki su lalata ƙoda, farasitamol ma yana iya taɓa hanta idan aka ba shi ba da awon likita ba. Akwai magungunan gaɓɓai da aka yi domin karnuka. Haka nan kada a zuba masa fiya-fiya ko baƙin mai don kashe kaska ko ƙazuwa, na ga karnukan da suka mutu ta wannan hanyar. A abinci kuma a kiyaye albasa da tafarnuwa, waɗanda suke farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa, wannan kuwa yana nufin ragowar miyarmu ba ta dace da shi kullum ba. A kiyaye goro da cakulan da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Ka tambayi matarka abin da ya saba ci a gona a koma masa da shi, idan za a canza a riƙa gauraya sabon da tsohon har tsawon mako guda ko kwana 10.

Game da yadda zai karɓe ka, kada ka riƙa binsa. Ka ɗauki kujera da yamma ka zauna ɗan nesa da shi, ka ba shi gefenka, kada ka zuba masa ido, domin a wurin kare tunkara kai tsaye da ƙura ido barazana ce. Ka jefa masa ɗan tsokar nama kusa da inda yake kwance ka ci gaba da sauraron rediyonka. Ranar da ya taso da kansa ya sansana ƙafarka, ka bar shi ya gama kada ka miƙa hannu, idan kuma lokacin shafa ya yi a fara daga ƙirji ko gefen wuya, ba ta saman kai ba. Hancinsa yana nan da ƙarfinsa ko da ido da kunne sun ja baya, saboda haka tsohuwar rigar yaron a kan shimfiɗarsa za ta rage masa kukan dare. Sabawar babban kare da sabon gida takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma tsoho ya fi jinkiri.

Dattijo daga Gangare:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Zan taɓa ɓangaren addini gwargwadon abin da muka karanta a zaure, sauran kuma ka zauna da malamin unguwarku.

Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Wannan shi ne abin da Hajiya take tsoro, kuma tsoronta yana kan hanya, kada ka ɗauke shi a matsayin tsohon ra'ayi. Sai dai Barde karen gona ne tun asali, yanzu kuma ka ce kana da awaki da kaji, kana kuma fargabar ɓarayi, malamai da yawa kuwa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi idan akwai buƙata ta gaskiya. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, mai littafin, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, ya ajiye kare, da aka tuna masa maganar Imamu Malik sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau 7 idan ya sa baki a ciki bin umarni ne. Abin da ake kiyayewa shi ne kada ya shiga ɗakunan kwana da wurin salla, a ware masa kwanonsa, ya zauna a tsakar gida ko wajen dabbobi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne hadisin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa saboda ƙishirwa, ya sauka rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa, aka kuma gaya wa sahabbai cewa akwai lada a kan kowane mai ɗanyar hanta, wato kowane mai rai. Dabbar da ta shekara 10 tana tsaron dukiyar bawan Allah, yau ƙarfinta ya ƙare, ba daidai ba ne a ce sakamakonta shi ne a ɗaure ta a bayan mota. Ka je wurin Hajiya kai kaɗai, ba tare da amarya ba, ka yi mata bayani cikin ladabi cewa amanar maraya ce ka karɓa, ka kuma nuna mata iyakokin da ka sa. Iyaye mata sun fi mu sanin darajar maraya.

Maman yara, Tudun Wada:

Ina girmama maganar Baba da ta 'yar'uwa ma'aikaciya, amma ni zan tsaya a kan yaro mai shekara 5, domin na ga kamar tausayin kare yana neman ya rufe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ko da an yi rigakafi, cizo a fuskar ƙaramin yaro ba ƙaramin abu ba ne, tsayinsa daidai yake da bakin karen. Yaro mai shekara 5 ba ya riƙe doka idan wasa ya yi daɗi, don haka kada a dogara da cewa an gaya masa.

Malam, ka sa a yi shinge na waya ko na katako tsakanin wurin karen da inda yara suke wasa, kuma kada a bar autan da shi su kaɗai ko na minti ɗaya, ko da ɗan matarka yana wurin, saboda shi ma yaro ne, bai kamata a ɗora masa wannan nauyi ba. Ka yi tunanin abin da zai faru a gidanka idan karen da amarya ta zo da shi ya ciji ɗan marigayiya, me dangin uwarsa za su ce, kuma a kan wa laifin zai faɗa. 'Yarka ma kada a tilasta mata ta taɓa shi, kada kuma a yi mata dariya don tana tsoro, gidan ubanta ne aka shigo mata da abin da ba ta zaɓa ba. Idan tsautsayi ya faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti nan take, ba a tsaya neman gashin karen ba. Idan kuma likita ya yi maganin ciwon amma karen ya ci gaba da neman yara da faɗa, to a nema masa mai gona na kirki inda yaron zai riƙa ziyartarsa, wannan ba cin amana ba ne.

Wani da ya tashi agola:

Yaya, ni ba masanin kare ba ne, na shigo ne saboda jimla ɗaya a cikin tambayarka, inda ka ce yaron yana binka da ido. Ina da shekara 10 mahaifiyata ta tare da ni a gidan wani, kuma na san wannan kallon. Yaron da aka kawo gidan mijin uwa yana shigowa ne ba tare da komai nasa ba. Ɗaki na wasu ne, kwanukan na wasu ne, hotunan bango na wasu ne, ko sunan da ake kiran maigida da shi sai ya yi tunani kafin ya furta. Gonar mahaifinsa an sayar. Abu ɗaya mai rai da ya rage wanda ya san muryar mahaifin nan, ya bi shi kunya-kunya a gonar Lamingo, shi ne Barde. Yaron yana auna matsayinsa a gidanka ne da matsayin karen, kuma idan ya dawo daga makaranta wata rana ya tarar an sayar da shi, zai yi maka biyayya, zai gaishe ka kullum da safe, amma ba zai ƙara kawo maka wata damuwarsa ba.

Shawarata ita ce ka bi ta hannunsa. Ka kira shi ka ce masa kai ba ka san kare ba, shi ne ya sani, kana so ya koya maka. Ka tambaye shi yadda mahaifinsa yake kiran Barde, da fito ne ko da suna, da wane lokaci yake ba shi abinci, da abin da ba ya so. A cikin amsa waɗannan tambayoyi zai yi maganar mahaifinsa a gabanka, wataƙila karon farko, kuma zai gane cewa ambaton marigayin ba laifi ba ne a gidan nan. Da farko shi zai riƙe kwanon kai kana tsaye, daga baya kai ka riƙe shi yana tsaye. Ku riƙa fita da karen tare bayan la'asar, tafiya gajera a ƙasa mai laushi gwargwadon ƙarfinsa, kuma ranar zuwa wurin likita ka tafi da yaron, a yi bayanin a gabansa.

Na yarda da Maman yara a kan shinge, sai dai a yi shi da hannun yaron, a ce masa ana yi ne don Barde ya samu wurin hutawa da babu mai damunsa, wanda kuma gaskiya ne. Idan aka kafa shi ba da saninsa ba zai ga kamar an tsare karensa ne saboda 'ya'yan gida. 'Yarka kuma a ba ta aikin da ba sai ta matsa kusa ba, kamar tuna lokacin magani ko cika bokitin ruwansa, don kada gidan ya rabu biyu, masu kare da marasa kare. Akwai kuma abin da ya kamata ku shirya masa tun yanzu kai da mahaifiyarsa. Kare mai shekara 10 ba shi da sauran shekaru masu yawa, kuma ranar da zai mutu yaron zai yi kukan da ya wuce na kare. Kada kowa ya ce masa ai dabba ce kawai.

Maigida daga Rikkos:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na gwada tafa hannu a bayansa, kunnensa bai motsa ba sai da na matso sosai. Matata ta ce a gona fate da tuwon masara yake ci da romon ƙashi, mu kuwa shinkafa da miya muke zuba masa. Na yi magana da kafinta a kan shingen, kuma yaron ya ce shi zai nuna inda za a kafa. Saura tambaya ɗaya ga 'yar'uwa ma'aikaciya: karen bai yarda da ni ba tukuna, ta yaya zan ɗauke shi zuwa wurin likita ba tare da na ɓata ɗan abin da aka fara ginawa ba?

Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, Bukuru:

Malam, abin da ya fi sauƙi shi ne ka nemi likitan ya zo gida, da yawa daga cikinsu a Jos da Bukuru suna yin haka, kuma ya fi wa tsohon kare kwanciyar hankali. Idan gwajin da za a yi ya buƙaci a kai shi, matarka ce za ta sa masa igiya tun da ya san ta, yaron ya tsaya ta wajen kansa yana masa magana, kai kuma ka tuƙa motar. Kada a ja shi ya yi tsalle ya hau, a jingina faffaɗan katako ya taka, ko manya biyu su ɗaga shi a cikin bargo bayan an sa masa takunkumi mai laushi a baki, domin ko karen da bai taɓa cizo ba yana iya kai baki idan aka danne masa gaɓa mai ciwo. Ka tambayi likitan tun a waya ko yana so a hana shi abincin safe saboda gwajin jini, ruwa kam a bar masa. Ku rubuta abin da kuka lura da shi kafin ku tafi, yawan ruwan da yake sha, yanayin kashinsa, da ƙafar da yake ɗagawa idan ya miƙe, yaron zai fi kowa iya amsa waɗannan. Faten da ya saba a koma masa da shi daga yau, a ɗibi nasa kafin a zuba albasa da yaji.